Sannun Da Lauya Bai Ce Ba

"Mama, in kin auri Tonton Hamissou, zai sake taka ni da mota?"



'Yata Hairat ce ta jefo tambayar daga kan kujera, ƙafarta a ɗaure an ɗora kan matashi. Shekararta bakwai, Hausarta a karye irin ta yaran da suka tashi a Amurka, amma babu wanda bai gane ba. Tonton, wato kawu, haka take kiran Hamissou.

Yayana Mahamane ya ƙware da shayi. Dattawan da ya gayyato daga masallacinmu na Wheaton suka sunkuyar da kai. Shi kuwa Hamissou, yana zaune a ƙasa kamar mutumin kirki, murmushi ya yi, irin murmushin hotonsa da ke manne jikin bas-bas ɗin garin nan.

"Haba gimbiyata, ai tsautsayi ne..."

Tsautsayi! Daga bakin Hamissou!

Bari in koma baya kaɗan, don ku san wanda na so.

Bayan rasuwar baban Hairat ne Yaya ya kawo mu nan jihar Maryland ta Amurka, na kama kitso a wani shago. Wata rana ina tsallaka titi motar kai kaya ta buge ni, ƙuguna ya goce. Kowa ya ce in je wurin Hamissou. Ɗan Zinder ne, da karatu ya zo, ya yi tuƙin tasi yana karanta shari'a, har ya zama lauyan da duk direban Nijar yake da lambarsa a ka. Aikinsa ɗaya: in mota ta buge ka ko ka zame a kanti, shi zai matse kamfanin inshora har ya biya. Da wannan ya yi ofis a Washington, ya yi gida a Mitchellville, ya gina masallaci a unguwarsu.

Ranar da na fara shiga ofishinsa ya ce, "Malama Mardiya, ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdulillah."

Ya dafe kai. "Kin ga abin da ke kashe mutanenmu ke nan! Gobe 'yan inshora za su kira, ki ce da sauƙi, su rubuta kin warke. Nan ba Maradi ba ce. Ba a cewa tsautsayi, ba a cewa na yafe. Kuma a Maryland, in suka ɗora miki laifi ko ƙanƙani, kin tashi a banza."

"To in ce ina mutuwa?"

"Ki ce ki tambayi lauyana." Ya kalle ni ya ƙara, "Kuma lauyan naki bai yi aure ba, in sun tambaya."

Na yi dariya har ƙugun ya amsa.

Ya ci min shari'ar, ya kuma ci gaba da kira. Yakan zo shago da kwat ɗinsa ya zauna cikin gashin doki yana jira in gama kai.

"Hasken idona, wannan kitson ba ya ƙarewa ne?"

"Kai dai lauya, ka iya jira a kotu, ka jira a nan."

Yaya da farko ya ƙi. "Mutumin da abincinsa karayar ƙafar mutane? In ya ji jiniya yunwa yake ji!" Sai aka daki tasin Yaya ta baya, Hamissou ya tsaya masa. Daga ranar ya koma "surukina Barista".

Na so shi, ba zan ɓoye ba. Har yanzu in na ji turarensa a jikin wani, sai na waiwaya.

Wata Asabar ya kai mu ganin gidan da za mu tare. Shi da kansa ya ba Hairat alli mai launi, ya nuna mata gefen hanyar gareji.

"Zauna nan ki zana mana gida, kada ki motsa."

Ba ta motsa ba. Ina bakin ƙofa ina kallonta. Wayarsa ta yi ƙara, wai bas ta yi karo a babban titi, mutane da yawa sun ji rauni. Ya ruga mota, waya a kunne, ya yi baya bai waiwaya ba.

Ihun 'yata... Allah kada ya jiyar da wata uwa.

Na durƙusa ina jan ta, ina kiran sunansa. Na ɗago. Hamissou yana tsaye yana ɗaukar hoto. Hoton taya, hoton alli, hoton ƙasa. Sai da ya gama ya kira motar asibiti.

Likita ta ce ƙashin ya karye a inda ƙafa ke girma, za a sake yi mata aiki in ta ƙara tsawo, wataƙila ba sau ɗaya ba.

Mutanen gari duk sun zo dubiya. Matan shago, direbobi, har maƙwabciyata 'yar Jos ta kawo farfesu. Kowa da "sannu Hairat, Allah ya kiyaye gaba."

Hamissou bai zo ba.

Furanni ya aiko, babu suna. Sai Debbie, mataimakiyarsa a ofis, wadda tun farko ba ta ƙaunar ganina, ta kira ni da muryarta mai sanyi.

"Oga ya ce kada ki yi magana da kowa tukuna. Kin san yanzu ke da shi ba ɓangare ɗaya kuke ba."

Shi ya sa da Yaya ya ce Barista zai zo neman afuwa a gaban manya, na yi kuka don daɗi. Na ce ashe ya tuna shi ɗan Zinder ne. Na dafa shinkafa, na gyara falo. Sai ga tambayar Hairat ta faɗo tsakiyarmu.

Babban cikin dattawan ya gyara murya. "'Yata Mardiya, abin da Allah ya rubuta ya faru. Mu ba a san mu da ƙarar juna ba, balle mijin da za ki aura. Ki ce kin yafe, a shafa fatiha."

Hamissou ya miƙe. "Baba, a ba ni izini in ce mata wani abu."

Muka shiga kicin. Ya kama gefen mayafina.

"Sahibata, kin rame. Wallahi ba na barci."

"Me ya hana ka zuwa asibiti?"

"Ba za ki gane ba. Ki saurare ni. Gobe 'yan inshorata za su kira ki. Abu ɗaya za ki ce: yarinya ce ta ruga bayan mota. Maganar waya kuwa, ba ki gani ba."



"Ba ta ruga ba, Hamissou. Inda ka ajiye ta, nan ka same ta."

"Na sani! Amma sunana fa? Lauyan haɗari ya take yarinya yana waya? Abokan hamayyata za su yi biki! Duk abin da ƙafarta ke buƙata ni zan yi, ai 'yata ce."

"Kai ka koya min, in aka ɗora mata laifi ta tashi a banza. Yau kana sona za ka yi. In ka daina fa? Ranar da za a sake buɗe ƙafar nan, in zo ofis in roƙi Debbie?"

"Mardiya..."

"Kuma wa zai gaya wa Hairat ita ce ta jawo wa kanta?"

"Yarinya ce, za ta manta."

Hawaye suka zubo min. Duk da haka zuciyar nan tawa ba ta daddara ba, na ba shi ƙofa ta ƙarshe.

"To ka fita ka durƙusa gabanta. Ka ce sannu Hairat, ni na yi miki, ki yafe min. Shi ke nan. In ka faɗa, wallahi zan aure ka ko duniya za ta zage ni."

Ya kalli ƙofar falo. Ya rage murya.

"Mardiya, akwai shaidu a wurin."

Na zare mayafina daga hannunsa. Na zare zoben baikon da ya ba ni na ajiye masa kusa da tukunya.

Na koma falo na durƙusa gaban manya. "Baba, ku gafarce ni. Haƙƙina ni na yafe. Amma ƙafar ba tawa ba ce, ta marainiya ce, ba ni da ikon yafe ta."

"Mardiya, kin haukace?" Yaya ya daka tsawa. "A gaban manya? Wa zai sake kallonki a garin nan?"

Na ɗauki 'yata na kai ta ɗaki, don lokacin maganinta ya yi.

Da 'yan inshora suka kira, na ce su tambayi sabuwar lauyar da na ɗauka don haƙƙin Hairat. Martha sunanta, ba ta jin Hausa, ba ta san kowa a masallacinmu ba.

Yaya ya daina cin abincina. Matan direbobi da yawa sun sauya mai kitso, wai na yi butulci. Na ji an sa ranar Hamissou da wata 'yar Yamai, an ce Debbie ma ta bar ofis. Na shiga banɗakin shago na yi kukana, na wanke fuska, na dawo na ƙarasa kan da nake yi. Hairat tana takawa yanzu, da ɗan ɗingishi, kuma akwai aiki na gaba yana jiranmu.

Ke da kike karanta wannan, musamman in kina da ɗa a hannu: kada ki auna namiji ranar da yake tsaya miki a kan laifin wani, kowa jarumi ne a ranar. Ki jira ranar da laifin nasa ne, ki ga abin da hannunsa zai fara ɗauka. Kuma ko duk manyan gari sun cika miki falo, kada ki yafe abin da ba naki ba.