Aljanin Kogon Maƙera

Da hantsi Inna Zaituna mai tallar nono ta shigo ofishin 'yan sanda na Karaye tana haki.

"Ranka ya daɗe, an kwance mini saniyata Wule. Ita kaɗai gare ni, ga ta da tsohon ciki."

Sufeto Muntaka ya bi sawun saniyar, sawu ya ɓace a kan fako, dab da Kogon Maƙera na bayan ƙauyen Kurugu. Kakanni ne suka haƙa shi wajen neman tama, daga baya ya zama maɓoya in mahara sun taso. Yanzu 'yan makaranta ke zuwa kallo, Lado ɗan rakiya yana zagayawa da su.

"Ka ga saniya?" Sufeto ya tambayi Lado.

"Ni da ke yini a ƙarƙashin ƙasa, yallaɓai?"

"To zagaya da ni, ban taɓa shiga ba."

Lado ya kunna tocila, baki kamar an kunna rediyo. Ga inda amarya ta ɓuya, ga ramin da sarkin maƙera ya binne ƙarfe. Da suka zo wani lungu, ya ja burki.

"Nan ba a shiga. Aljanin kogo ne, nishi yake yi."

Nishi kuwa ya fito. Amma Sufeto idonsa na kan ganyen harawa da ya maƙale a kafaɗar Lado.

A waje ya tarar da Malam Ilu, tsohon maƙeri.

"Baba, yaushe aljani ya tare a kogon nan?"

"Aljani? A ciki muka yi wasan ɓuya, ɗana. Makon nan na fara jin labarinsa."

Sufeto ya aika aka zo da Zaituna. Ta tsaya bakin lungun, ta yi irin kiran da take yi in za ta yi tatsa.

"Wule! Haa, Wule!"

Aljani ya amsa da kukan saniya. Lado ya zube.

"Sharrin shaiɗan ne, yallaɓai. Ta ƙofar baya na shigo da ita, ina jiran mahauci."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya sa masa ankwa ya tasa ƙeyarsa. Sai a lokacin hankalin Sufeto ya kwanta, don tun safe wuƙar mahauci yake tsoro. Ya haska ciki, ya yi dariya.

"Inna, ɗaya kika kawo ƙara, ga biyu."

Wule na kwance tana lasar jaririn maraƙi. Zaituna ta durƙusa, tana hamdala tana kuka.