Na'urar Dangwala Yatsa

Da safiyar Litinin Manajan wani kamfanin inshora ya kira caji ofis yana huci. An sace na'urar dangwala yatsa ta bakin ƙofa, wadda ke nuna lokacin zuwan kowane ma'aikaci. Kafin Sufeto ya rufe ƙofar mota, Manaja har ya ba shi ɓarauniya: Akawu, mai goyon nan da ke makara kullum.

Sufeto ya duba bangon. Ba fizge na'urar aka yi ba. An kwance kusoshinta a tsanake, an naɗe bakin wayoyin da salatif don kada wuta ta ja wani. Bai taɓa ganin ɓarawo mai tausayi haka ba.

Ma'aikata bakinsu ɗaya, ba wanda ya ga komai. Akawu ce kawai ta yi magana, idonta jawur. Ta ce bara aka tara su aka ce aiki daga gida ya zauna ke nan. Ta saki ɗakinta na haya, ta koma bayan gari wajen mahaifiyarta mai shanyewar jiki. Watan jiya sai ga saƙo a waya, wai kowa ya dawo ofis. Yanzu makara ɗaya ta rage a kore ta.

"Wa ya yi muku alkawarin?"

"Baba, Mataimakin Manaja. Shi kaɗai muka yarda da shi, shi ya sa shugabanni suka turo shi."

Mai gadi ya rantse ba wanda ya shigo ranar Lahadi. Sufeto ya nuna masa kwaɗon ƙofa lafiyarsa ƙalau, ya tambaye shi ko aljanu ma an ba su mabuɗi. Nan take mantuwa ta sake shi, ya tuna Mataimakin Manaja ya ɗan leƙo da rana.

A but ɗin motar dattijon aka sami na'urar, naɗe cikin tawul. Bai yi gardama ba.

"Ni na cire, Yallaɓai. Bakina suka ara suka yi wa yaran nan ƙarya. Na tsaya gabansu na dafa ƙirji. Da na koma wa Manaja da maganar, sai ya ce ai ba shi ya yi alkawari ba, ni ne."

Manaja ko a jikinsa. Ana sa wa tsohon ankwa, shi kuwa yana tafa hannu kowa ya koma kujerarsa. Ya miƙo hannu a ba shi kayansa a mayar bango yau ɗin nan. Abin ya ƙona ran Sufeto ƙwarai.

Sufeto ya tura Mataimaki cikin mota a hankali, ya rungumi na'urar a hammata.

"Wannan shaida ce, tana hannunmu sai an gama shari'a," in ji shi. "Ka kuwa san kotu ba ta sauri."