Tabon da ke Cikin Yashi

Safiyatu na tsakar gida tana tankaɗe ɗan garin da ya rage, sai ga mahaifinta Malam Na'Allah ya faɗo ko sallama babu.

"Ke! Yaron nan naki Kalilu, kada in ƙara ganin ƙafatai ƙofar gidana!"

"Baba, mi ya yi?"

"Mi ya yi? Samari sun zo min gayya, kowa da hauyatai, shi ko ya tsaya shina ɗaukar hoton gerona da ya ƙone! Shi kai garin Isa a yi ta kallo ana ga gonar Na'Allah? Wanga ba tonon asiri ba ne?"

Shekara ta biyu ke nan ruwa na yi wa Tozai rowa. Gero ya bushe a tsaye, rijiyoyi sun ƙafe, an tona gulbi nan da can ba a samu ko danshi ba, shanun Malam kuwa sai haƙarƙari. Shi Kalilu mai gyaran waya ne a kasuwar Isa, ya sayo 'yar kyamara a Maraɗi, kuma wai ba mutane yake ɗauka ba. Daji, gulbi, itatuwa, su ma sai ya cire musu kala ya bar su baƙi da fari. Har ana raɗe-raɗin anya yaron nan shi kaɗai ne?

Da yamma ya zo ya durƙusa a gaban dattawa. "Baba, wallahi ba wulaƙanci na nufa ba. Hasken safiya ne ya sauka kan karan..."

"Haske! Da haske za ka ciyar da ɗiyata? To gaban mutane nike faɗi, ran da hotonka ya shayar da shanuna, zo ka ɗauke ta. Kafin nan, hanya!"

Aka kwashe da dariya. Safiyatu da ke laɓe a zaure ta ruga ɗaki ta fashe da kuka, don Allah ya sani tana son Kalilu kamar ranta. Amma ko sau ɗaya ba ta kira shi a ɓoye ba. Abin da ya rage mata tsofaffin hotunan da ya taɓa turo mata a waya, kullum tana kallo tana sharar ƙwalla.

Ran nan kakarta Saude, mahaifiyar Malam, ta gaji. "Wai mi kike leƙe cikin wagga waya kamar mai duba?"

"Gulbinmu ne, Kaka, da sassafe ya ɗauka. Kyamarar tasa ma datti gare ta, duk hoton gulbi sai kin ga wani baƙin tabo gindin gawon nan."

Tsohuwa ta karɓa ta kai dab da ido. Ta ce a nuna mata wani, aka nuna. Tabon na nan inda yake.

"Datti? Ke 'yar nan, wanga ba datti ba ne! Yashin da ke da ruwa ƙarƙashi shi ka kwana da sanyi, da asuba ya yi duhu, rana na hitowa ya ɓace. Da haka muka nemi ruwa a yunwar da muka gani muna amare. Idonku bai kama shi ba don yashi duk ja ne. Shi da ya cire jan, ga shi ya hito sarai!"

Safiyatu ba ta tsaya neman takalmi ba, sai gaban mahaifinta, ta faɗa masa abin da Kaka ta gano. Ya ce shi ba ya son shashanci. Sai ga Kaka ta dogaro sanda. "Ni na haihe ka ko kai ka haihe ni? A kira yaron!"

Washegari da asuba Kalilu ya iso da shebur, rabin gari na biye da shi, yawanci don su sha dariya. Ya duba hoto, ya duba gawo, ya yi bisimilla ya kafa shebur. Rami ya kai gwiwa, babu komai. Ya kai ƙugu, wani ya ce, "Mai hoto, a ɗauke ka ne?" Hannun Kalilu ya yi kanta ya fashe, bai ɗago ba. Da ramin ya kai ƙirji sai ya tsaya cak, ya damƙo yashi ya matse, ya ɗaga sama. Yashin ya dunƙule, alamar danshi!

Samarin da ke dariya suka diro ramin da kansu. Kafin hantsi ruwa ya tsattsafo, ya taru, ya rufe idon sawu. Ayyururui! Guɗar Kaka har ƙetaren gulbi.

Malam Na'Allah ya tsaya yana kallon shanunsa sun kafa kai a kwatarniya, hawaye na bin gemunsa. Can ya juyo.

"Kalilu, magana zarar bunu ce, kuma gaban mutane na yi ta. Turo magabatanka. Ɗauki shanun nan hoto, ka kai Isa kowa shi gani! Amma na biki, don Allah ka bar muna kala."

Bayan Sallah aka ɗaura aure, aka yi girkin biki da ruwan ramin nan. Da Safiyatu ta bi son zuciya ta saɓa wa mahaifinta, da ba ta ga wannan rana da albarkarsa ba. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, kuma kada ka raina abin da wani ke so don kai ba ka ga amfaninsa ba. Har yau mutanen Tozai Rijiyar Mai Hoto suke kiran wurin.