Abin Da Kyamara Ta Gani A Ɗakin Baba

"Oto kuma? Haba, Tauraruwata! Kada ki ba ni kunya mana!"

Muna zaune cikin motarsa a ƙofar gidanmu, yana jujjuya kyamarata yana taɓe baki. Darakta kowa ke ce masa, don shi ke ɗaukar tallan manyan kamfanoni. Ni kuwa rabin raina nake ce masa. Saura mako uku a ɗaura mana aure.

"Ba ni abata," na ce.

"'Yan koyo ne ke barin ISO a oto, kyamara ta riƙa saita wa kanta haske. Ƙwararre da hannunsa yake saitawa."

"Ɗakin Baba duhu ne, ka sani. Wajen gado akwai ɗan hasken taga, sauran ɗakin babu. In na tsaya murɗa ISO duk juyin da na yi, kafin in gama abin da nake son ɗauka ya wuce. Na kafa saurin ɗauka yadda hoto ba zai yi rawa ba, ita kuma ta riƙa ƙara wa kanta ƙarfin ganin haske."

"Ta cika miki hoto da yashi-yashi."

"Gara mai yashi da babu."

"Ga filasha a bayan mota..."

"Likita ya hana! Sau nawa zan faɗa maka?"

Ya yi dariyar nan tasa da ke kashe mini jiki, ya miƙo mini kyamarar. "Allah ya huci zuciyarki, gimbiyata. Mu je."

Shekara talatin Babana ya yi yana ɗaukar hoto a ɗan shagonsa, shi ya koya mini sana'ar, ni ce kuma na gaji shagon. Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bakinsa ya karkace, yawu na zuba ba da saninsa ba, ga ciwon ido da ya sa haske ke sokarsa kamar allura. Ba zai iya zuwa wurin biki ba. Shi ya sa ya roƙi abu ɗaya: a ɗauke shi hoto da surukinsa.

Muka shiga. Labule a sauke, warin man zafi da na magani ya cika ɗakin. Mama ta gyara Baba tsaf, ta tokare shi da matasai. Sabuwar farar rigar da muka ɗinka masa don ranar auren tana rataye a jikin kabad, can lungu.

Darakta ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi."

Mama ta dube ni tana murmushi, irin kallon nan na kin ga ɗan mutunci?

Baba ya lalubo hannun Darakta da hannun hagu, ya riƙe gam. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin kalma ta fito.

"A... amana."

Yawu ya zubo, ya sauka a bayan hannun Darakta. Bai motsa ba. Murmushinsa na nan.

"Na karɓa, Baba. Wallahi na karɓa."

Ina ta dannawa, hawaye na rufe mini ido. A raina na ce, Allah na gode maka da ka ba ni wannan bawa naka.

Sai tari ya sarƙe Baba. Darakta ya miƙe ya ja baya don ya ba Mama wuri. Mama ta ce in miƙo ruwa, kofin kuwa yana kan teburin da ke kusa da kabad. Na juya da kyamara a hannu, yatsana bai bar maɓallin ba. Na ji ta yi ƙas-ƙas-ƙas sau uku ko huɗu. Ban ko kula ba, hankalina na kan Baba.

Washegari da hantsi na zauna a shago, na zuba hotunan a kwamfuta. Na durƙuso, na riƙon hannu, na Mama tana share ido da gefen mayafi. Duk sun fito, da ɗan yashinsu, amma fuskar Baba tas, har ƙyallin idonsa.

Sai na zo kan na arba'in da ɗaya.

A karkace yake, rabin kan Mama ya shiga. Har na kai hannu zan goge. Amma da na juya zuwa duhu kyamarar ta ɗaga ISO da kanta ya haura dubu goma sha biyu, lungun kabad ya haskaka kamar an kunna fitila.

Darakta ne tsaye a wurin. Ya damƙi gaban sabuwar rigar Baba yana dirje bayan hannunsa da ita. Hancinsa a murtuke, kamar wanda ya taka kashin kare.

Na ce a raina, ɗan'adam ne, ba kowa ke iya jurewa ba. Na matsa na gaba.

Ya ciro waya.

Na gaba kuma... ya ɗaga wayar saitin fuskarsa. Ya karkace baki gefe guda, ya zaro harshe, ya lanƙwashe hannun dama a ƙirji. Yana kwaikwayon Babana. Taku uku tsakaninsa da gadon da Baba ke neman numfashi!

Da ƙyar na kai bayan shago, na amayar da duk abin da na karya da shi. Na wanke baki, na wanke hannu, na sake wankewa. Hannun nan ya sha riƙe na Darakta.

Na kira shi. "Ka zo shago."

"Kin yi kewata ke nan, Tauraruwata?"

"Ka zo kawai."

Ya shigo yana ƙamshin turaren da ni na saya masa. Yau ƙamshin tashin zuciya ya sa ni. Na juya masa kwamfutar. Tun daga bakin ƙofa ya fara dariya.

"Kin gani ko? Dubi yashi! Ai na faɗa miki, wannan ko a..."

Maganar ta maƙale. Ya matso. Ya ƙura wa hoton ido.

"Ya aka yi wannan ya fito? Wurin fa duhu ne."

"Abin da ya dame ka ke nan?"

"Saurara, wasa ne fa."

"Wa ka tura wa?"

"Babu kowa."

"Ba ni wayar."

"Haba, gimbiyata..."

"Wa ka tura wa?!"

Ya sosa ƙeya. "Abokaina ne kawai, mu huɗu. Kin san halin maza. Suna tambaya ya surukin, shi ne na... Ba da wata manufa ba wallahi."

"Mutumin da ya ba ka amana."

"Na kuma karɓa! Ban durƙusa ba? Ban bari ya zuba mini yawu ba? Ke kin saba da warin ɗakin nan, ni numfashi ma da ƙyar nake yi. Don ke na daure!"

"To ka yi ta daurewa har yaushe? Kullum da safe ni ke yi masa wanka."

Ya zauna a kujerar da nake ɗora masu hoton fasfo, ya sassauta murya, muryar da shekara biyu nake jin ta har cikin ƙashina.

"Ai wannan ya kusa ƙarewa. Na riga na yi magana da wata mai jinya. In mun tare, sau ɗaya a mako ya isa ki leƙa. Matata ba za ta riƙa dawo mini gida tana warin fitsari ba. Ki goge hoton nan, mu wuce wurin. Ina son ki, kin sani."

Abin takaicin, na sani. Ni ma a lokacin nan zuciyata ba ta daina son sa ba. Amma ina kallon leɓensa yana motsi, ba abin da nake gani sai yadda ya karkace shi jiya.

Na zare zoben, na ajiye a kan tebur.

"Ɗauki."

"Kan hoto ɗaya? Hoto mai yashi? Tauraruwata, ki yi tunani!"

"Kada ka ƙara kirana da sunan nan. Fita mini daga shagon Babana."

Ya tsaya yana jira in yi kuka in riƙe shi. Da ya ga ba haka ba, ya ɗauki zoben ya fita. Sai da ƙarar motarsa ta ɓace sannan na zauna na fashe da kuka.

Da la'asar na sami Mama a kicin. Ina faɗa mata ta saki ludayi.

"Kin haukace ne, Auta? Mako uku! An raba kati! Me zan ce wa mutane? Yaron da ya durƙusa wa mahaifinki jiya-jiyan nan? Kowane namiji da halinsa, haƙuri ake yi!"

Dama na kwafo hotunan daga kwamfuta. Na miƙa mata wayata.

Ta kai ta kusa da ido, ta nisanta, ta sake kusantowa. Shekara talatin da biyar suna tare da Baba, ita ke share masa baki sau ɗari a yini ba ta taɓa yamutsa fuska ba.

"Tir," ta ce a hankali. "Tir da wannan hali. A ɗakina... a gabana."

Ta miƙo mini wayar da yatsa biyu.

"Kada mahaifinki ya ga wannan har abada. Kin ji ni? Ni zan san abin da zan faɗa masa. Je ki ba shi maganinsa, lokaci ya yi."

Na wanke fuska, na shiga. Baba ya ji motsina, ya juyo da kai.

"Au... Auta."

"Na'am, Baba."

Na ba shi ƙwayar, na riƙe masa kofi. Ya haɗiye da ƙyar, sannan ya tambaye ni abin da duk mai hoto ke fara tambaya.

"Ho... hoton... ya fito?"

Na zauna a bakin gado, na kwantar da kaina a kafaɗarsa mai lafiya don kada ya ga idona.

"Ya fito, Baba. Komai ya fito."

Ya gyaɗa kai, ransa fes, yana ɗan bubbuga bayana.

Daga tsakar gida na jiyo muryar Mama ƙasa-ƙasa, tana waya da yayarta.

"Yaya, ki sanar da dangi an fasa... A'a, ba shi ya fasa ba. Mu muka fasa."