Tsohuwar da ta Kawo Wasa Gasar Gwaggo Hansatu

Ku matso. Mudassir, kife wayar nan, haskenta na damuna. Wanda ya san ba zai iya fita fitsari shi kaɗai ba, ya tashi tun yanzu.

Kun san Gwaggo Hansatu, autar su Baba. Kafin ta buɗe shagonta, ita ke shirya gasar manhajoji a kwalejin da take aiki. Ɗalibai su rubuta manhaja, a haɗa ta wannan da ta wancan su kara a kwamfuta. Kuma ba wasa ɗaya ba ne. Sai an zauna ake ba manhaja dokokin wasan da ba ta taɓa gani ba, ta karanta, ta buga. A shekarar nan Gwaggo ta sa aka yi shela har cikin ƙauyuka: duk mai wasan gargajiya ya kawo, ba za a mayar da kowa ba. Kun dai san ta da cika baki.

Ran Juma'a, rana ta take tsaka. Maza suka tafi masallaci, 'yan mata suka fita cin abinci. Aka bar ta ita kaɗai tana gadin na'urori. Babban ɗaki, ba motsin kowa sai fanka.

Ɗagowar da za ta yi, ga wata tsohuwa zaune a gabanta. Ba sallama. Ƙoƙo a cinyarta, an rufe da faifai.

"'Yar nan, an ce kuna karɓar wasa."

Bakin yana motsi a gabanta, amma muryar ta bayan kunnenta take fitowa. Gwaggo ta waiga. Bango ne. Ta ce a ranta ƙarar fanka ce.

"Muna karɓa, Iya. Sai dai ki jira mutane su dawo."

"Kun ce ba a mayar da kowa."

To, ita ta faɗa. Ta jawo kwamfutar da ke ɗauke da manhajar da ta fi kowacce ƙarfi. Tsohuwa ta shimfiɗa wata busasshiyar fata mai zane-zane a kan tebur, ta juye duwatsu daga ƙoƙon, farare da baƙaƙe. Tana faɗin dokoki, Gwaggo na shigarwa. Kamar dara, amma ba dara ba.

"Ta ƙarshe," in ji tsohuwa. "Wanda aka cinye, ya bi wanda ya ci shi gida."

Gwaggo ta yi dariya. "Iya, kwamfutar za ki ɗora a ka?"

"Rubuta."

Ta rubuta.

Manhaja ba ta da hannu, kun gane. Sai ta nuna a allon kwamfuta inda za a kai dutse, mutum ya kai mata, ya kuma shigar mata da motsin abokin karawa. Gwaggo ta ɗauki farin dutse na farko. Sanyi ƙalau, kamar daga ƙasan randa aka tsamo shi, a cikin wannan zafin.

"Madalla," in ji muryar a bayan kunnenta. "Hannun da ya taɓa dutse, shi ne ɗan wasa."

Dutsen ya suɓuce mata, ya gangara ƙarƙashin tebur. Ta sunkuya. Nan ta ga ƙafafun tsohuwar. Duga-dugai a gaba, yatsu na kallon baya.

Rabi, sake min riga mana.

Ta so ta ruga. Ƙafarta ta ƙi ɗaguwa. Ta kama Ayatul Kursiyyu, ta tsinci kanta a tsakiyar Fatiha. Ta ce min tunda take ba ta taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Yanzu ta gane ba kwamfuta aka zo ɗauka ba.

Aka ci gaba. Tsohuwa ba ta ko tunani. Ƙwas, ta ci. Ƙwas, ta ƙara. Fararen duwatsu suna ta komawa cikin ƙoƙo, har saura 'yan kaɗan a lungu.

Sai allo ya ce a ja dutse baya. Gwaggo ta duba, ga ci nan a fili in ta tura gaba. Har ta miƙa hannu. Tsohuwa ta yi murmushi. Murmushin nan ne ya tsayar da ita. Ta ja baya, yadda aka ce.

Allo ya ce gaba. Sannan baya. Gaba. Baya. Dutse ɗaya, gida biyu. Ita da ta sha alƙalancin gasa ta san abin da ke faruwa: manhajar ta hango ba za ta ci ba, sai ta maƙale inda ba za a cinye ta ba.

"Ki yi wasa!" Wannan karon muryar ta kowace kusurwa ta fito.

"Iya, ba ni ke zaɓa ba."

Gumin Gwaggo na ɗiga a kan fatar wasan. Gaba. Baya. Can sai ga takun takalma a baranda, wani ya ɗaga murya ya yi sallama.

Tsohuwa ta naɗe fatarta a hankali. "Ba a ci ba, ba a cinye ba. Sai a ci gaba. Amma na ji kuna da doka: wanda na'urarsa ta mutu ana cikin wasa, an cinye shi." Ta ɗora baƙin dutse guda a kan kwamfutar. Da mutane suka shigo, kujerar ba kowa.

Allon kuwa bai tsaya ba. Baƙi ya motsa da kansa, ba wanda ya shigar, fari ya amsa. Gwaggo ba ta sake shirya gasa ba. Ta roƙi a bar mata kwamfutar, aka kai ta gida a kunne, batir a cinyar Gwaggo. Ku da kuke mata tsiya wai ta cika rufin ɗaki da sola kamar mai gidan ƙanƙara, kuma ba ta kwana a gidan biki, yau kun ji dalili.

Saboda haka in an aike ku gidanta, kar wanda ya shiga ɗan ɗakin nan na baya shi kaɗai, balle ran Juma'a da rana. Kai kuma Mudassir, ko wayarka za ta mutu murus, in ka ga soket ɗin kwamfutar nan mai baƙin dutse a kanta, kar ka zare. Ran Gwaggonka ne a jone.