Gashin Salansa a Tsohuwar Marina

Ku matso kusa. Kai Ɗanliti, kashe tocilan nan, ba na son haske a fuskata. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya ce mini "ta zo mu ji ta". Mutumin da abin ya faru da shi, tare muka yi aiki a ofishin kwana-kwana.

Sallau sunansa. Direba ne. Mutumin kirki, sai dai gaggawa, irin masu shan koko a tsaye. 'Yarsa ɗaya tak a duniya, Tasalla. Sun daɗe shi da matarsa Hansai kafin Allah ya ba su ita. Lokacin ko makaranta ba ta fara ba.

To, jar motar nan da kuke bi da gudu in ta saki jiniya, akwai abin da ba ku sani ba. A cikin salansarta akwai matata mai tare baƙin hayaƙin dizal. Motar da ke doguwar tafiya, zafin hanya ke ƙone mata dattin. Tamu kuwa ina ta ga doguwar tafiya? Daga ofis zuwa kasuwa, ta tsaya inji na aiki, ta dawo. Sai kunkunniya ta taru ta toshe matatar. Wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba. In ka yi biris da ita, ranar gobara motar za ta ƙi gudu.

Maganin shi ne abin da muke kira gashi. A fitar da ita fili, nesa da ciyawa, nesa da mutane. A ja birki, a danna maɓalli. Inji ya ɗau gurnani. Salansa ta yi ta feso zafi irin na maƙera, har dattin ya zama toka. Yakan ɗau lokaci. In ka katse a tsakiya, aiki ya dawo sabo.

Baba Tanko, tsohon direbanmu, ba ya taɓa maɓallin nan sai ya sauko. Ya zagaya motar, ya tafa hannu, ya ce, "Bismillahi. Masu wuri, a kauce, a ɗauke yara, ga zafi nan." Ya ɗan jira. Kamar dai yadda Inna ke yi kafin ta zubar da ruwan zafi a tsakar gida. Samarin ofis kan yi masa dariya a bayan ido.

Ran nan Baba Tanko ba ya nan. Fitila ta kama. Filin da aka saba gashi kuma an jibge bulo. Sai Sallau ya ja motar zuwa bayan ofis, tsohuwar marina. Kun san ta. Ramukan rini ne, tun zamanin kakanni aka bar su, duk sun bushe. Ba ciyawa, ba mutane. A ganinsa wuri ya yi.

Rana tsaka ce, lokacin da ko kaza ta nemi inuwa. Bakin salansa ya saitu da bakin wani rami. Bai duba ba. Bai ce komai ba. Ya danna, ya sauko ya zauna a inuwar motar.

"Sannu da aiki."

Ku sani, in inji na wannan rurin, ko ihu ka yi ba a ji. Amma ya ji wannan sarai, kamar cikin kunnensa aka faɗa.

Mace ce, doguwa, da baƙin mayafi. Tana tsaye daidai inda zafin ke fita. Bakin zaninta ko motsi ba ya yi.

"Baiwar Allah, matsa daga nan! Za ki ƙone!"

"Kashe," ta ce.

"Ba a kashewa a tsakiya. Saura kaɗan."

"Ɗana na barci a ƙasa."

Ya leƙa ƙarƙashin mota. Ba kowa. Ƙasa ce kawai da bakin rami. Ya ɗauka mai taɓin hankali ce.

"Yi haƙuri, Iya. Saura kaɗan."

Ta dube shi. Ta daɗe tana dubansa.

"Kai ma kana da mai barci a gida."

Sai lokacin idonsa ya sauka kan ƙafafunta. Shuɗi har idon sawu. Jiƙe sharkaf, ruwan rini na ɗiga. A marinar da ta bushe tun ba a haifi ubansa ba.

Ya ɗago kai. Ba ta nan.

Ya yi tsalle ya faɗa mota zai kashe. Ina! Fitila ta riga ta mutu da kanta. Gashi ya kammala.

A gida, Tasalla ta kwanta barcin rana ba ta tashi ba. Jikinta ba ya taɓuwa. Hansai ta ɗora mata jiƙaƙƙen tsumma, nan take ya bushe. In ta fitar da numfashi, warin dizal. Uwar ta share mata hanci, sai ga bakin zani baƙi ƙirin. Aka kai ta asibiti. Allura, ƙarin ruwa, zafi ko gezau. Na je dubiya. Wallahi tsoro ya kama ni, kuma na ji tausayin Sallau. Ƙaton mutum, ya haɗa kai da bango yana kuka.

Baba Tanko ya zo ya saurari labarin. Bai yi faɗa ba.

"Ka gasa musu yaro," ya ce. "Kai ba ɗan kwana-kwana ba ne? Wuta ka kunna. Je ka kashe."

Na ce, "Baba, mu raka shi."

"Da ya kunna, da ku ya kunna?"

Ogan ofishinmu ya kau da kai, ya bar masa motar. Washegari da rana tsaka Sallau ya cika tankin ruwa, ya fita ba jiniya. Ya tsaya nesa da ramin. Ya sauko, ya tafa hannu, ya yi bismillah, ya yi sallama. Ya durƙusa, ya zura bakin mesar ruwa a ramin, ya buɗe ruwa a hankali.

Ramin ya ce cuuu. Tururi ya tashi. Ramin da ya kwana ya wuni, har lokacin da zafinsa.

Ruwa na ta shiga, rami bai cika ba. Can ƙasa, can ƙasa sosai, ya jiyo kukan jariri. Siriri, muryar ta dishe.

Sai ya ji ɗigar ruwa a bayansa. Ɗis. Ɗis. Bai juya ba.

"Yau ka iya sallama."

"Na yi kuskure, Iya. Ki yafe mini. Yarinyar nan ba ta san komai ba."

"Nawa ɗan ya sani?"

Ya ƙara riƙe mesar.

"Kada ka tsaya," ta ce.

Bai tsaya ba. Tururi ya sale masa fuska. Ya ce yana jin numfashinta a ƙeyarsa, sanyi ƙalau. Yana nan durƙushe har mesa ta yi laushi a hannunsa. Tanki ya ƙare. Kukan ma ya tsaya.



"Ya yi barci," ta ce. "Zai rayu. Fatarsa dai ba za ta koma ba."

"'Yata fa, Iya?"

"Zafi ya bar ta. Ba za ta ƙara jin sa ba. Nawa ya ji nasa, ya ji nata."

Ɗigar ruwan ta yi nisa, ta yi nisa, ta ɓace.

Ya isa asibiti ya tarar da Tasalla zaune tana shan kunu, jiki sanyi ƙalau. Aka yi murna. Hansai ta soya waina ta raba sadaka, ni ma na ci.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo daga aiki da la'asar. Tun daga zaure ya ji ƙauri, kamar an manta nama a wuta. Hansai ta shiga ɗaki ɗauko gishiri. Tasalla na tsugune gaban murhu. Garwashi ne a tafin hannunta, ja jawur, tana juya shi. Fata na hayaƙi.

Ta ɗago tana murmushi.

"Baba, ka ga dutse mai kyau."

Daga ranar Sallau ya ajiye aiki. Mutumin da ke kashe gobarar gari, yau gadin murhun gidansa yake yi. Ba a barin ta ita kaɗai da tukunya, ko dutsen guga, ko butar shayi. Har yanzu.

Kun san ta mana. Ita ce ke zuwa ɗiban ruwa rijiyarmu, uban na biye da ita. Gobe ku dubi tafin hannunta, amma kada wanda ya tambaye ta.

Hanyar marinar nan kuwa, kada in ji ɗayanku ya bi ta shi kaɗai, ko da rana ce tsaka. Musamman ma da rana tsaka.

Ke Uwale, tsaya. Ruwan zafin nan da ke hannunki, ina za ki zubar?