Wa Ya Ƙona Kwantirolar Gwaram?

"Munawwara! Wannan ke ce ko ba ke ba ce?"

Baba ya miƙo min wayarsa har tana neman dungurar hancina. Na karɓa na duba.

Ni ce. Ga ni da rigar aiki na wage baki ina dariya, ga maza shida a gefena sun kewaye tire.

"Baba, wallahi ba haka abin yake ba..."

"Rufe min baki! Gyaran sola na bar ki ki koya, ba zaman majalisar maza ba. Ki gaya wa Abdulnasir kada manyansa su wahalar da kansu ranar Asabar. Wanda ya iya zaunar da 'yata cikin ƙarti tun kafin aure, me zai tsare mata bayan aure?"

Innalillahi! 

Shekara biyu muna aiki tare da Yaya Nasir a shagon Oga Gwadabe, nan Birnin Kudu, shekara biyun nan kuma yana sona ina sonsa. Saura kwana huɗu a zo neman aurena, sai ga wannan.

Na san mai hoton. Basma ce, mai riƙe makullin sitonmu, wadda tun ranar da Yaya Nasir ya ce ni yake so take amsa gaisuwata da hanci. Ta iya ɗaukar hoto kam, ba laifi! Ta yanke Inna Mairama mai gurasa tas, alhali a tabarmarta nake zaune, kafaɗata na gogar tata.

Na durƙusa.

"Baba, don Allah gobe bayan La'asar ka zo ka gani da idonka. In ka ga abin da bai kwanta maka ba, na ajiye filaya har abada."

Ya karɓe wayarsa daga hannuna.

"Zan zo."

Zaman namu ba wani abu ba ne. Kullum in an tashi aiki an yi La'asar, sai a shimfiɗa tabarma a bayan shago, Inna Mairama ta cika wa maza tire da gurasa, ta zuba min tawa a kwano. Sai dai akwai doka: ba mai sa hannu sai ya faɗi abin da ya ɓata a ranar. Daga Oga har ƙaraminmu. Ba faɗa, ba gori, a yi maka dariya a nuna maka gyara, shi ke nan. Amma duk wanda ya yi ƙarya a gaban tiren nan, mako guda ba shi ba zaman.

Washegari aka tura mu wani ƙauye a ƙasar Gwaram, haɗa sola a rijiyar burtsatse. Jikina yana wurin, hankalina yana wajen Baba. Wayoyi biyu ne ke saukowa daga farantan sola zuwa kwantirola, akwatin da ke ba famfo wuta: ja da baƙa. Aikin da na yi ya fi sau ɗari. Ni Munawwara na ɗauki ja na cusa a gurbin baƙa.

Fat!

Hayaƙi ya tashi, ƙauri ya cika min hanci.

Yaya Nasir ya diro daga saman ƙarafan da ke riƙe farantan, ko tsani bai bi ba.

"Nawwara! Ba ki ƙone ba? Nuna min hannunki!"

"Lafiyata lau... kwantirolar ce ta tafi."

"Ta tafi mana! Ita akwai wata a mota, ke ce ba ni da wata."

Ya ɗauko ta ajiya ya ɗaura. Kafin sauran abokan aikinmu su dawo daga wajen tanki har ruwa ya fara zuba, mata suna ta guɗa. Ba wanda ya ga abin da ya faru sai ni da shi.

"Yaya Nasir, yau fa Baba zai zo... Dama yana cewa aikin nan ba na mata ba ne."

"Ki bar min."

"Me za ka yi?"

"Na ce ki bar min, masoyiyata. Share hawayenki."

Muna isowa na tarar da Baba ya riga mu. Yana kan benci kusa da Oga, fuskar nan a murtuke. Basma kuwa, wadda ba kasafai take kaiwa La'asar a shago ba, yau tana bakin sito wai tana goge makullai.

Na zauna kusa da Inna Mairama. Na ga Baba ya kalle ta, ya kalli tazarar da ke tsakaninmu da maza.

"Bismillah," in ji Oga. "Ni zan fara. Yau na yanka waya ban auna ba, ta gaza da taku biyu. Da furfurata!"

Aka kwashe da dariya.

Ɗanbala, wanda ya fi kowa surutu a cikinmu, ya sosa ƙeya. "Ni kuma na manta sukundireba a cikin silin ɗin mutane, na rufe."

"Ta uku ke nan!" in ji Inna Mairama. "Shuka su kake yi?"

Na saci kallon Baba. Gefen bakinsa ya ɗan motsa.

Aka zo kan Yaya Nasir. Ko inda nake bai kalla ba.

"Ni na ƙona kwantirolar Gwaram. Na juya wayoyi."

 Mutumin da ake kira har daga Dutse in aiki ya gagara, shi ne zai juya ja da baƙa? Ya zubar da sunansa a gaban Oga, a gaban wanda yake so ya zama surukinsa, saboda ni. Wallahi a lokacin na ji son bawan Allahn nan kamar ƙirjina zai tsage.

"Munawwara, ke fa?" in ji Oga.

In na ce ba komai, shi ke nan, na tsira. Baba zai tafi da cewa 'yarsa gwana ce. Amma zai tafi da cewa Nasir sakarai ne, kuma ni zan haɗiyi gurasar nan a kan ƙarya.

Na ture kwanon.

"Oga... ba shi ba ne. Ni ce. Yana can sama ma lokacin."

"Nawwara!"

"A'a, Yaya Nasir. Na gode, Allah ya saka maka da alheri, amma ba zan ci da sunanka ba."

Basma ta saki wata 'yar dariya. Ba wanda ya taya ta, dole ta haɗiye abarta.

Oga ya gyara zama.

"Ke, gobe kafin ki ɗaura kowace waya ki sa mita ki gwada ta, ko da kin haddace ta kamar Fatiha. Ci gurasarki. Kai kuma Abdulnasir, ka san doka. Tashi. Sai wani makon."

Yaya Nasir ya miƙe, kansa a ƙasa, ya fara neman takalmi.

"Dakata."

Muryar Baba ce. 

"Malam Gwadabe, shekara talatin ina jan bas tsakanin nan da Kano. Na ga masu gyara iri-iri. Ban taɓa jin wanda ya buɗe baki ya ce shi ya ɓata ba, kullum motar ce mai laifi. Yau na ga inda ake bin layi a faɗa, har ana rigima a kan wa zai ɗauka."

Ya juyo gare ni.

"An nuna min hoto, na yanke hukunci ban tambaya ba. To ni ma ga nawa kuskuren na yau. Zan iya sa hannu?"

"Malam Hambali, tiren ma naka ne!" in ji Oga.

Na rufe fuskata da mayafi, hawaye ya ƙi tsayawa. Inna Mairama tana bubbuga bayana tana cewa, "Yi kukanki, 'yar nan, na daɗi ne."

Asabar manyansa suka zo, bayan wata biyu aka ɗaura. Har gobe in na tuna mutanen shagon nan sai na yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya, don su suka wanke ni ba tare da sun san suna yi ba. Amma abin da ba zan manta ba shi ne ranar, da Yaya Nasir ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, bai san ya tafi ko ya zauna ba.

Baba ya gutsuri gurasa, ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai maƙaryaci, mako guda aka kore ka ko?"

"Eh, Baba..."

"To ba a barin ɗa da yunwa. Kullum in ka tashi aiki ka biyo gida, akwai tuwo."